Sharhi: Makarantun Gwamnati da Yara Masu Buƙata ta Musamman a Karkara

A duk lokacin da aka ambaci ilimin yara masu buƙata ta musamman a Jihar Kano, hankalin jama'a yakan tafi ne kai tsaye ga makarantar Tudun Maliki da ke cikin birni, inda ake koyar da kurame da makafi. Babu shakka makarantar ta yaye ɗalibai da dama waɗanda a yau suke cin gashin kansu. Sai dai jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba za ta iya jingina wannan nauyi kacokan a kan makarantun birni ba, domin magidanci a Doguwa ko Tudun Wada ba kasafai yake yarda ya rabu da ɗan shekara bakwai ya kai shi makarantar kwana mai nisa ba.

Ta fuskar doka dai ba a bar waɗannan yara a baya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ba ta ware gurgu ko kurma ba. Haka kuma dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi cewa makarantun gwamnati su karɓi masu nakasa, su kuma samu ma'aikacin da aka horar domin kula da karatunsu. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keken guragu zai iya shiga ya cika tun Janairun 2024.

To, amma matsalar da ta fi girma tana cikin ajin firamare na ƙauye, kuma ba a cika ganinta ba. Akwai yaron da ƙyanda ko sanƙarau suka rage wa ji, yana zaune a bayan aji yana kallon bakin malami. Akwai yarinyar da ba ta hango rubutun allo. Akwai kuma mai kaifin basira a lissafi da hira, amma haruffa suna rikice masa idan ya zo karatu. A ajin da ya cika maƙil, malami ɗaya ba ya samun sukunin lura da kowa, saboda haka sai a yanke wa irin waɗannan yara hukunci da kalma guda: daƙiƙi. Daga nan sai bulala, sai maimaita aji, sai uba ya ga gara yaron ya bi shi gona. Abin takaici shi ne, wasu daga cikinsu matso da su layin gaba ko gilashin ido kaɗai zai wadatar da su.

A ganinmu, nan ne ya kamata sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su fara. Kuɗin da hukumar UBEC take warewa domin ilimin masu buƙata ta musamman ba za su isa ga yaron da sunansa bai shiga rajista ba. Ƙidayar kuwa ba ta buƙatar kwangila: dagatai da masu unguwanni sun san gidan da ake ɓoye yaro saboda kunya, kwamitocin kula da makarantu na al'umma sun san wanda ya daina zuwa, ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi kuma za su iya yin gwajin gani da ji na farko a makon buɗe makaranta.

Batun malamai shi ma abin dubawa ne. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo kuma ta shafe shekaru tana horar da malamai a wannan fanni. Idan aka ɗauki wanda ya ƙware a maganar hannu ko rubutun makafi aka ɗora shi a kan teburin ofis, an yi asarar horonsa. Ya fi dacewa a ba shi babur da rukunin makarantu biyar ko shida, yana zagaya su kowane mako, yana nuna wa malaman aji yadda za su zauna da waɗannan yara.