Magana a kan Sadaka ga Samarin da Ke Ɗaure a Ingila

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, cikin shekarar 2017 ta Nasara wani wakilin majalisar Ingila, David Lammy, ya binciki sha'anin shari'a da kurkuku a ƙasarsu. Ya tarar cikin mutum 100 Musulmi 5 ne, amma cikin ɗaurarru 100 su 15 ne. Gabaninsa, cikin 2014, an yi wani bincike a kan samari baƙaƙe da Musulmi da hukunci ya hau kansu. Wa ya biya kuɗinsa? Wakafin gidan Cadbury, Nasara masu sana'ar cakulan.

Wannan abin kunya ne gare mu Musulmi, balle attajiranmu mazauna can. Ana ƙawata masallatai, saurayi kuwa ya fito kurkuku ba ɗaki ba sana'a, kowa na gudunsa, har ya koma.

Wani zai ce ai masu laifi ne. To, Allah Ya yabi masu ciyar da kamamme cikin Suratul Insani, aya ta 8, alhali masu tafsiri sun ce kamammun zamanin nan mushirikai ne. Ina ga ɗan Musulmi da ya yi tuntuɓe? Wanda ke shakkar ba su zakka, ya ba su sadakar ganin dama, a kama musu ɗaki, a koya musu sana'a. Wassalamu.