Dajin Kamuku: A Tsara Aiki Da Masu Daji, A Bar Ƙofar Gyara A Buɗe

Duk wanda ya karanta ilimin halittu ya san cewa abin da ya kasa sauyawa idan muhallinsa ya sauya, ƙarshensa ɓacewa. Ina ganin wannan doka ta hau kan ayyukan raya ƙasa kamar yadda ta hau kan tsirrai da dabbobi, kuma dajin Birnin Gwari ya ishe mu misali.

A shekarar 1936 aka keɓe dajin Kamuku a ƙarƙashin hukumar En'e, sannan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Daji ne na doka da maje da taura da baushe, an kuma san shi da giwa da gwanki da mugun dawa. An shata iyaka, an ɗauki ma'aikatan tsaro, amma tsarin bai hango ranar da 'yan bindiga za su mamaye dajin ba. Da suka mamaye shi, ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma saura. Sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu daga cikinsu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe.

To, duk lokacin da ƙura ta lafa, masu ba da tallafi za su zo da shirin farfaɗo da daji. Tsorona shi ne a zauna a Abuja ko Kaduna a rubuta kundin shekara biyar, a ƙayyade yawan dashe da rijiyoyin burtsatse, sannan a tara jama'a a fadar hakimi a karanta musu. Wannan sanarwa ce, ba shawara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wata hanya. A 1978 masanin muhalli C. S. Holling, na ƙasar Kanada, ya bayyana cewa kamata ya yi a ɗauki kowane mataki na kula da daji a matsayin gwaji: a aiwatar, a auna, a gyara. Mu ɗauki ƙunar daji. Makiyayi yana sa wuta don ciyawa ta yi toho, maharbi don ya koro nama, mai zuma don ya kori ƙudan. Hana wuta gaba ɗaya doka ce da ba ta aiki. Amma wutar farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, ba ta da zafin wutar Fabrairu da Maris, wadda ke kashe ƙananan itatuwa. Me zai hana a ware fili uku, ɗaya a ƙone da wuri, ɗaya a bar shi yadda aka saba, ɗaya a kare shi? Ardo da sarkin noma da sarkin baka da matan da ke tsintar kaɗanya su ƙirga tsiron doka tare da ɗalibanmu. A zauna sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma gabanin damina, a duba sakamako. Haka za a bi da batun burtali da gawayi.

Mun ga amfanin wannan a Maradi. Shekaru aka yi ana dashen da yawancinsa ke mutuwa, sai daga 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka koma renon tohon kututturan da ke gonaki. Kowane manomi ya zaɓi itatuwan da zai bari da yadda zai sassabe su. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

Za a ce shawara tana cin lokaci, masu kuɗi suna son lissafi tsayayye, kuma masu faɗa a ji za su mamaye taro. Gaskiya ne. Maganinsa shi ne a zauna da mata daban, da makiyaya daban, da waɗanda suka yi gudun hijira daban, kafin babban taro, kuma a ware wani kaso na kasafi tun farko domin gyaran da gwaji zai nuna. Jinkirin wata shida ya fi aikin da zai rushe ranar da motar ma'aikata ta juya.

Abin da ke kan faifai ya wuce itatuwa. Manomin da aka hana gona da makiyayin da aka toshe wa burtali ba tare da jin ta bakinsu ba, ba za su kare dajin ba, kuma dajin da ba shi da masu kishinsa mun ga wanda ke gadonsa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allah Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, amin.