Ra'ayi: Araha Ba Ta Ado, Ko a Ganyen Shayi



A gidaje da yawa yanzu, idan za a sayi wani abu ta intanet, mu yara ake miƙa wa waya. Iyaye ke fitar da kuɗi, mu ke latsawa. Ke nan amanar kuɗin cefane tana hannunmu, kuma a ganina bai kamata mu bari kalmar "rangwame" ta ruɗe mu ba. Bari mu ɗauki ganyen shayi misali, tunda kusan kowane gida ana shan shayi.

Ganyen shayi na awo, wato wanda ba a ƙulle shi cikin 'yar jaka mai zare ba, yakan fi auki. 'Yar jakar nan giram 2 kacal take ɗauka a mafi yawan lokuta, kuma da kuɗin takarda da zare da kwali kake saye. Shi kuwa koren ganyen da ake kawowa daga ƙasar Sin, wanda ake dafa shayin Buzaye da shi, har zagaye uku ake sha daga zubi ɗaya. Amma ba kowane tallan da aka rubuta "an rage kashi 50 cikin 100" ne riba ba.

Abu na farko shi ne lissafi. A ce an tallata giram 250 a kan naira 4,000, wai da can 8,000 ne. Ƙara kuɗin kawowa, a ce 1,500. Ya zama 5,500, wato naira 22 kowane giram. In mai kantin unguwarku yana sayar da giram 100 a kan 1,800, naira 18 ke nan kowane giram. Wa ya fi araha? Rabawar da muke yi a darasin lissafi ita ce maganin wannan ruɗu. Tsohon farashin da aka ja wa layi kuwa, mai kaya ne ya rubuta abinsa.

Na biyu shi ne lafiyar ganyen. Shayi yana jan danshi da warin duk abin da ke kusa da shi, kuma in ya daɗe a ajiye ƙamshinsa yakan gudu. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wani rangwamen dabara ce ta rabuwa da tsohon kaya. A nemi hoton bayan kwali, a duba ranar da aka sarrafa shi, ranar da zai lalace, da lambar NAFDAC. In kaya sun iso, a zuba kaɗan a ruwan sanyi. Baƙin ganye na gaske a hankali yake sakin launi. Wanda ya rina ruwa nan take, akwai alamar an sa masa rini.

Na uku shi ne asali. Kenya ce kan gaba wajen noman shayi a Afirka, kuma a Mombasa ake gwanjonsa da dala. Idan dala ba ta sauka ba, amma wani a Facebook ko WhatsApp ya ce yana sayar da ganyen waje a rabin kuɗi, a tambaye shi ta yaya. Mu ma muna da namu: ana noman shayi a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea.

Wani zai ce to a daina saye ta intanet mana. A'a. Akwai rangwame na gaskiya, musamman a watan Nuwamba lokacin da manyan shaguna irin su Jumia da Konga ke karya farashi. Malamanmu ma za su iya haɗa kuɗi su sayi kilo guda don ofishinsu, su raba kuɗin kawowa. Sharaɗin dai shi ne a karanta abin da masu saye na baya suka ce, a zaɓi biya bayan kaya sun iso in da hali, kuma kada a tura kuɗi asusun wanda ba a sani ba. Gani ya kori ji.

Ɗan uwa, kafin ka latsa "saya", ɗauko biro da takarda. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.