Sunan magani na asali: abin da ya kamata mu nema a takardar likita

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, ku da kuka san ciwon dala, maganarmu ta yau ta shafi aljihunku. Kowa a cikinmu ya taɓa fitowa daga likita a Dogon Dutsi, Tibiri, Matankari ko Geceme da takardar magani a hannu, ya isa farmasi aka faɗa masa kuɗin da ya fi cinikin yininsa. Sau da yawa sunan da aka rubuta ne ya kawo tsadar.

Kowane magani yana da suna biyu. Akwai na asali, wanda duniya ta yarda da shi, akwai kuma na kamfani. Parasetamol sunan asali ne, Doliprane da Efferalgan sunayen kamfani. Amoksisilin shi ne Clamoxyl. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke kira Coartem, asalinsa artemeter da lumefantirin ne. Kamar gero ne, ɗaya a kwano, ɗaya a buhu mai tambari: hatsin ɗaya, kuɗin tambarin ne ya bambanta.

Wannan ba sabon zance ba ne a ƙasarmu. A 1987 ministocin kiwon lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya dogara kan muhimman magunguna masu sunan asali. A 1993 aka gwada biyan kuɗin magani a gundumomin Boboye da Sayi, a 1995 aka kafa dokarsa. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Turai, shi ya sa maganin asali ya zama mafitar talaka.

Sabon abu shi ne rubuta takardar da kwamfuta. Likita ya zaɓi sunan asali, da ƙarfin maganin, da yawan kwanaki, mai farmasi ya karanta ba tare da kokawa da rubutun hannu ba. Faransa, mai manyan kamfanonin magani, ta wajabta rubuta sunan asali tun 1 ga Janairun 2015. Amfanin a fili yake: kuskure ya ragu, kuma a iya gane wanda ke yawan rubuta mai tsada alhali ga mai rahusa.

Amma kwamfuta sai da wuta da intanet. Ba mu manta ba, a 2023 da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa daga Birnin Kebbi, jihar Doso ta sha duhu har farkon 2024. Saboda haka tsarin da zai yi aiki a ƙauyukan Arewa dole ya tafi da hasken rana, ya kuma bar wa majinyaci takarda a hannu.

Akwai wani tarko kuma. Sunan asali ba shi ne maganin tire da ake talla cikin rana a bakin kasuwa ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko maras inganci, dalilin da ya sa Nijar ta shiga yarjejeniyar Lome a 2020. Araha ba ta ado, balle a kan ran yaro.

Kafin kwamfutar ta iso, ga abin da ke hannunmu. Ki ce wa likita: "Malam, a rubuta mini sunan asali da manyan baƙaƙe." A farmasi ki tambayi ko akwai mai rahusa mai ƙarfi iri ɗaya, ki duba ranar lalacewarsa, ki sayi cikakken adadin kwanakin. Wanda ya iya tayin atamfa, bai kamata kunya ta hana shi tambayar kuɗin magani ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.