KALLON KITSE MUKE YI WA ROGO: MAKARANTUN "INTANASHINAL" DA 'YA'YANMU 'YAN AJI ƊAYA ZUWA UKU

Na san da yawanku kun zo da zumuɗin ganin ci gaban labarinmu, to ku yi mini afuwa, wannan makon ba shi na kawo ba. Akwai abin da ya tokare mini maƙogwaro tun ƙaramar sallar da ta wuce, in ban amayar da shi ba, ko na zauna rubuta soyayya alƙalamin ba zai tafi ba.

Ni haifaffiyar Gwarzo ce, aure ya kai ni Kabo. Da salla na je gida gaida tsohuwarmu, sai ƙanena ya shigo riƙe da hannun 'yarsa, takwarata, mai shekara 7. Ajinta biyu a wata makarantar kuɗi da aka rangaɗa wa "International" da manyan baƙaƙe a allon bakin ƙofa. Yana ta washe baki ya ce, "Yaya, tsaya ki ji takwararki, ai Turanci kamar a bakinta aka yanke masa cibiya." Yarinya ta miƙe, ta harɗe hannu a baya, ta zubo jihohi 36 da manyan biranensu ba gargada, ta ɗora da wata waƙar Turanci. Tsakar gida ya kaure da shewa, tsohuwarmu har da ƙwalla.

Ni kuwa da yake sana'ata baƙi da wasali ce, sai na ɗauko biro na rubuta a bayan wata ambulan: Baba ya tafi gona. Na ce, "Takwara, karanta mini." Ta ƙura wa takardar ido, ta ɗago ta ce, "Gwaggo, ai mu ba a koya mana banakula." Na ce to madalla, ɗauko littafinki na Turanci. Na buɗe shafin da ta ce sun gama, na sa tafin hannu na rufe hoton, na nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar layi. Sai ta koma farkon shafin ta fara rero shi da ka, yatsanta na wani wuri bakinta na wani wuri. A nan jikina ya yi sanyi. Yarinyar nan shekara biyu a nazire, tana cikin ta biyu a firamare, ba ta iya karanta Hausa ba, ba ta iya karanta Turanci ba. Hadda kawai aka ɗura mata kamar aku.

Ubanta manomi ne mai ɗan tireda. Buhun masara uku ya kai kasuwa a farkon shekarar karatu don ya biya kuɗin zango, da yunifom kala uku, da littattafan da aka ce dole a makarantar za a saya. Na zazzage jakarta na ƙirga littafi 16. Kuma duk ran da ta kuskura ta yi Hausa a aji, tarar naira 50 ce, ko a sa ta kama kunne.

Kafin wani ya ce ina hassada da masu neman halaliyarsu, bari mu fara tambayar kanmu: mene ne ma "intanashinal" ɗin? Na bincika, kuma ba wani asiri ba ne. Makarantar ƙasa da ƙasa ta gaskiya ita ce wadda take bin manhajar wata hukuma ta duniya, kuma hukumar ta san da zamanta. Akwai tsarin Cambridge na Ingila, wanda ɓangarensa na firamare ya ɗauki yara daga shekara 5 zuwa 11. Akwai tsarin IB mai hedikwata a Janeba ta ƙasar Suwizalan, wanda ya fito da nasa na ƙananan yara a 1997, daga shekara 3 zuwa 12. Duka biyun ba a shigarsu da fenti da buroshi. Sai an nemi rajista, an duba malamai da gini da kayan aiki, sannan a sa sunan makaranta a jerin da kowa zai iya dubawa a intanet. Saboda haka duk mai makarantar da ya ce maka tasa ta duniya ce, tambaya ɗaya ta ishe ka: wace hukuma ce ta yi muku rajista, ina takardar? In ya fara sosa ƙeya, to allon ne kawai ya je ƙasar waje.

To su can Ingilar da muke kwaikwayo, me uba yake tsammani daga ɗansa ɗan shekara 5 zuwa 7? Dokarsu ta hana a tara wa malami ɗaya fiye da yara 30 a ajin masu waɗannan shekaru. Babban aikin shekarar farko shi ne koyon sautin baƙaƙe da yadda ake haɗa su. Tun daga 2012, a ƙarshen aji ɗaya ake zaunar da kowane yaro shi kaɗai gaban malami, a ba shi kalmomi 40 ya karanta. Rabinsu ma ba kalmomin gaske ba ne, ƙirƙirarsu aka yi da gangan don a gane wanda ya iya haɗa baƙi da wanda ya haddace. Wanda bai kai ba, a ƙara masa taimako ya sake a aji biyu. Kun ga ke nan abin da na yi wa takwarata da tafin hannuna, shi Bature yake yi wa nasa ɗan da sunan gwamnati. A wannan gwajin ba a tambayarsa sunayen manyan birane.

Ga kuma inda gizo yake saƙar. Ɗan Ingila da wane harshe ake koya masa karatu? Da harshen da uwarsa take masa rarrashi. Ɗan Faransa da Faransanci, ɗan Masar da Larabci, ɗan Sin da Sinanci. Ya shigo aji da dubban kalmomi a kansa, aikin malami kawai ya nuna masa yadda ake zana su. Mu kuwa a Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, mun ɗauki yaron da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, mun ɗora masa kaya biyu lokaci guda: ya koyi baƙon harshe, ya kuma koyi karatu a cikin harshen da bai sani ba. Alhali Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, wasali biyar ne, ba da bi da bu. Turanci kuwa baƙaƙe 26 ne amma sautukansu sun haura 40, harafi ɗaya ya yi maka kuka uku. In da gaske Bature muke son kwaikwaya, da da Hausa muka fara.

Ba ni na ƙirƙiro wannan magana ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife. Aka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci. Waɗanda suka yi da harshen uwa ba su gaza ba ko a Turancin, a darussa da dama ma sun yi zarra. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 shi ma cewa ya yi a fara shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen garin da yaro yake. A Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka ce a kai shi har aji shida.

Na san abin da za ku ce, don ƙanena ya riga ku faɗa. Ya ce, "Yaya, ke ba ki ji gwamnati ma ta soke wannan ba?" Na ji. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar an janye tsarin, an koma Turanci tun daga nazire, wai saboda yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Ni ban yi jami'a ba, iyakacina sakandare, amma na iya lissafi: yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, ko firamare bai gama ba a 2025, yaushe ya zauna WAEC har ya faɗi? In kuma tsohon tsarin ake nufi, a nuna mini littattafan lissafi da kimiyya na Hausa da aka raba wa makarantun ƙauyukanmu, da malaman da aka horar a kansa. Maganin da aka rubuta a kati ba a sha ba, ba a ce bai yi aiki ba. Sannan ko a sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025, darussan aji ɗaya zuwa uku tara ne zuwa goma, kuma harshen gida yana cikinsu. Babu inda aka ce a ci yaro tara don ya ce yana jin fitsari da Hausa. Littafi 16 kuma ban san daga wace manhaja suka fito ba, sai dai manhajar aljihu.

Kada a fahimce ni a baibai. Ina son takwarata ta iya Turanci, ta fi ni, don na san ƙofofin da rashinsa ya rufe mini. Na kuma san abin da ya kori iyaye daga makarantun gwamnati: aji cike maƙil, yara a ƙasa, rufi a yaye. Da lafiya ƙalau ake, da gwamnatin Kano ba ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi ba a 2024. Akwai masu makarantun kuɗi masu tsoron Allah da suke aiki tuƙuru, wasunsu ko "intanashinal" ɗin ba su rubuta ba. Faɗana da masu sayar da suna ne, da kuma mu iyaye da muke saye ido rufe.

Bayan salla na roƙi ƙanena ya raka ni makarantar. Shugaban ya karɓe mu da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce, "Malam, me ya sa kuke fifita hadda a kan karatu?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, in yaro ya koma gida yana karanta Hausa, uban zai ce me ya bambanta mu da ta gwamnati? In kuwa ya gaishe shi da Turanci, gobe zai kawo mana ƙannensa." Wallahi ban sami abin ce masa ba, don gaskiya ya faɗa. Mu muka nuna musu abin da muke so. Muna son ranar bikin ƙarshen shekara a sa wa ɗan shekara 5 doguwar riga da hular digiri mu ɗauki hoto mu watsa a WhatsApp. Muna son katin sakamako ya nuna 98 a kowane darasi. Mai kanti kuwa abin da ake saye shi yake sarowa. Malamar ajin nasu yarinya ce da ta gama sakandare bara, ita ce ta uku da aka canza musu a shekara ɗaya, don albashin bai isa ya riƙe kowa ba. Ba ta da laifi, ba a koya mata yadda ake koyarwa ba. Amma tsarin ilimi na ƙasa ya ce mafi ƙarancin shaidar malami ita ce NCE, kuma malami ɗaya yara 35 a firamare.

To me ya kamata uba ya tsammata, ya kuma nema da babbar murya tunda kuɗinsa ya biya? A ganina, ɗan aji ɗaya in shekara ta ƙare ya san sautin kowane baƙi, ya haɗa su ya karanta gajeriyar kalmar da bai taɓa gani ba, ya rubuta sunansa, ya san cewa bakwai ba zane ba ce kawai, in an ce ya ɗebo tsakuwa bakwai ya ɗebo. Ɗan aji biyu ya karanta 'yan jimloli, a rufe littafin a tambaye shi me ya faru ya faɗa da bakinsa, ko da Hausa ne, ya kuma iya tarawa da ɗebewa har ya san canjin da zai karɓo in an aike shi sayen magi. Ɗan aji uku ya karanta labari mai shafi guda shi kaɗai, ya rubuta wa kakarsa 'yar wasiƙa, ya fara ninkawa da rabawa. Bayan wannan, malami ɗaya da zai zauna da su daga farkon shekara zuwa ƙarshe ya san halin kowa, da ruwan sha, da ban-ɗaki mai tsafta, da filin da za su yi guje-guje, da mai gadin da ba zai miƙa yaro ga wanda bai sani ba. Aikin gida kuma ya zama wanda yaro zai iya da kansa, ba wanda uwa za ta kwana tana yi ba. Ka tambaya ko makarantar tana da rajista da hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jihar Kano. Kuma ba sai ka yi boko mai zurfi ba kafin ka gwada ɗanka: rufe hoton, nuna kalma daga tsakiya, ka ga abin da zai faru.

Wani zai ce kuka nake don kasuwata, tunda in yara ba su iya karanta Hausa ba wa zai karanta littattafanmu? Na amsa, akwai wannan, ba na ɓoyewa. An daɗe ana zaginmu mu marubutan adabin kasuwar Kano, har ƙona littattafanmu aka yi a 2007. Amma ku tambayi matan da suke cikin gidaje, nawa ne suka zage suka koyi haɗa baƙi don kawai su karanta labari da kansu? Ni kaina da Ka Koyi Karatu na fara, na hau Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, kuma ɗan Turancin da na tsira da shi a kan wannan tubalin ya zauna. Wanda ya iya karatu a harshe ɗaya, rabin aikin na biyun ya gama. Wanda bai iya a ko ɗaya ba, ya tashi a tutar babu, ga kuɗi sun tafi.

Ƙanena ya yi fushi da ni kwana biyu, ya ce na kunyata shi gaban tsohuwa. Daga baya ya turo mini yarinyar Kabo ta yi hutun zango a wurina. Kullum bayan la'asar muna zama a tabarma da allo da alli, ba da bi da bu. Ana saura kwana uku ta koma, muna tafe a bakin titi ta ja mayafina ta tsaya gaban wani shago, tana bin rubutun da yatsa a hankali, ta ce, "Gwaggo, an ce a-na sa-yar da ƙan-ƙa-ra." Na ce haka aka ce, takwara. Na saya mata ta naira 100.

Zango mai zuwa uban bai yanke shawarar inda zai kai ta ba tukuna. Na dai ce masa duk inda za shi, ya bar kallon allon bakin ƙofa, ya shiga aji biyu ya ga ko yaran suna karatu. Ku ma haka nake roƙonku. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.