Aika Kuɗi Ba Shi Ne Jinya Ba



Yau da mu maza nake, mu da ke neman abinci a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Sabon Ibadan. Mun ɗauko wata ɗabi'a: wata ya ƙare mutum ya tura wa tsohuwarsa dubu talatin, ya buga waya ta minti biyar, shi ke nan wai ya sauke nauyi. To wa ke juya ta cikin dare? Wa ke wanke mata zane, wa ke bin layin asibiti tun asuba? Ƙanwarka ce da ta baro ɗakin mijinta, ko matar ƙaninka da ke fama da goyo. Abin takaici, ranar da ka je gida su za ka tsare da tambayar ina kuɗin magani suka shiga!

Za a ce aiki ne ya hana. Gaskiya ne, Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma Dokar Ƙwadago kwana shida kacal ta wajabta a ba ma'aikaci hutu a shekara. Ɗan kasuwa kuwa in ya rufe shago ya rufe bakin tukunya. Amma mu ji tsoron Allah, hutun nan ina yake tafiya? Bikin aboki da yawon Sallah. In aka ce tsoho ya cika, wannan aikin dai ba ya hana mu kama motar dare mu yi kwana uku muna karɓar gaisuwa. Ashe lokacin akwai shi, gawa muke ajiye wa.

Annabi (SAW) ya mayar da mai son fita jihadi saboda iyayensa na raye. Shagonka ya fi jihadi ne?

Ban ce kowa ya ajiye aiki ba. 'Ya'ya su zauna su raba watannin shekara, kowa ya san nasa. Mai jinya a yanka mata albashi, ba na goro ba. Ƙungiyoyinmu da ke ƙarƙashin Sarkin Hausawa, yadda ake haɗa kuɗin motar ta'aziyya, a buɗe asusun zuwa dubiya.

'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna kallo, kuma abin da ka shuka shi za ka girba.

Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.