Jaba: Ƙasar Citta Da Ba A San Yawan Mutanenta Ba

A wannan mako muna so mu ja hankalin masu karatu zuwa Ƙaramar Hukumar Jaba da ke kudancin Jihar Kaduna, ba don ta fi sauran matsala ba, sai don abin da ya same ta a 'yan shekarun nan ya fito da wata tambaya fili wadda ta shafi kowace ƙaramar hukuma ta karkara, wato mutum nawa ne a cikinta, nawa ake ba ta, kuma wa ke riƙe da abin da aka ba ta.

Ga wanda bai san wurin ba, hedkwatarta tana Kwoi, tana iyaka da Kachia da Kagarko da Zangon Kataf da Jema'a, ta kudu kuma da Jihar Nasarawa. Ƙasa ce mai tuddai da duwatsu da ƙoramu, ruwan sama yakan sauka tun daga Afrilu har Oktoba. Mutanenta su ke kiran kansu Ham, harshensu kuma Hyam. Sunan Jaba daga bakin Hausawa ya fito, akwai ma dattawan da har yau ba su so a kira su da shi. A cikinta ƙauyen Nok yake, inda masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928, daga baya masana suka tabbatar cewa mutanen da suka ƙera irin waɗannan abubuwa sun zauna a yankin fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sunan Nok ya shiga littattafan makarantu har a ƙasashen Turai, amma kaɗan ne cikin masu karanta shi suka san cewa mazaɓa ce guda cikin mazaɓu 10 na wata ƙaramar hukuma da ke fama da kwalbatoci.

Abin da ya riƙe Jaba shi ne citta. Akwai dawa da masara da doya da acca da kiwon aladu, amma waɗannan na ciki ne. Kuɗin makaranta da na asibiti da kwanon rufi da kayan aure, har da baikon godiya na ƙarshen shekara, daga buhun citta suke fitowa. Aikinta kuwa ba na rago ba ne: a shuka da farkon damina, a rufe gona da ciyawa, a yi ta cire haki da hannu, a tone bayan ruwa ya ɗauke, a tsaga, a shanya. Sai ga shi a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonaki a Jaba da Kachia da Kagarko da maƙwabtansu, ganye ya koma rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa. Gwamnatin Tarayya da kanta ta ce asarar ta kai Naira biliyan 12. Wanda ba manomi ba zai ɗauka asarar shekara guda ce. Ba haka ba ne. Ita citta daga jikinta ake ɗebe iri, saboda haka wanda gonarsa ta ruɓe ya rasa amfanin bana, ya kuma rasa abin da zai shuka baɗi, ga bashin taki yana jiransa. Da iri ya yi wuya sai farashinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona, da yawa suka haƙura suka koma masara.

To, a irin wannan rana wace hukuma ce ta fi kusa da manomi? Ƙaramar hukuma ce. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyin karkara, ya kuma ce ta sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Malamin gona da zai zaga ƙauyuka ya ga ganye ya fara canza launi ya kai rahoto tun kafin cuta ta gama gari, aiki ne da ya kamata a ce sakatariyar Kwoi tana da bakin magana a kansa. Amma aiki sai da kuɗi, kuɗin kuwa lissafinsa yana komawa kan ƙidaya.

Ga yadda abin yake, don mun lura ba kowa ya sani ba. Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100. Wajen rabawa, kashi 40 ana yin sa daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kashi 30 kuma a raba uku tsakanin faɗin ƙasa, da abubuwan jin daɗin jama'a irin su makarantu da asibitoci, da ƙoƙarin tara haraji a gida. Wato kusan sulusin rabon yana rataye a kan lamba guda, lambar kuwa ta ƙidayar Maris 2006 ce, wadda ta ba Jaba mutum dubu 155 da 'yan kai. Wannan ya sa ta cikin mafiya ƙanƙanta a ƙananan hukumomi 23 na jihar. Igabi, alal misali, ta haura dubu 430. Jaririn da aka goya ranar da masu ƙidaya suka zo a 2006, ya isa jefa ƙuri'a tun 2024. An shirya sabuwar ƙidaya a Mayun 2023, ana saura kwanaki kaɗan gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta. Duk wata lamba da aka ba mu bayan ta 2006 ƙiyasi ne na ofis, an ɗauki tsohuwar lamba an yi ta ƙara mata kashi kowace shekara, ba tare da an leƙa an ga ko ƙauyen ya cika ko ya watse ba.

A nan ne muke ganin maganar Jaba ta fi wuya. Ƙasa ce da ilmin boko ya shiga da wuri, tun da mishan ta SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910. Daga nan Byang Kato ya fito, wanda aka haifa a 1936, ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka a 1973. Daga nan malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sojoji da ma'aikatan gwamnati suka bazu ko'ina cikin Arewa. Wannan abin alfahari ne, amma yana da nasa farashi: wanda ya yi karatu ba ya zama. Je ka Sabon Tasha a Kaduna ko Mararaba a bakin Abuja ka ji yadda ake Hyam. Ƙidaya kuwa inda ka kwana nan take rubuta ka, ba inda aka binne cibiyarka ba. Bugu da ƙari, iyakar ƙaramar hukuma ba ta bi iyakar jama'a ba, domin akwai Ham masu yawa a Kachia da Kagarko da Jema'a, waɗanda ake lissafa su can. Saboda haka wanda ya ga cikar Kwoi lokacin bikin Tuk Ham ko Kirsimeti ya ce an tauye Jaba a ƙidaya, ya dawo a watan Yuli ya sake dubawa.

Mun san shawarar da wasu za su kawo in an sa ranar ƙidaya: a yi hayar motoci, kowa ya kwashi iyalinsa ya tafi gida a ƙirga shi. An yi haka a wurare da yawa a 2006. Ba mu goyon baya. Na farko, ƙarya ce, ko da an yi ta don kishin gida. Na biyu, unguwar da mutum yake zaune wata goma sha ɗaya a shekara, inda 'ya'yansa ke makaranta, inda matarsa ke zuwa awo, ita ya rage wa rabo. Na uku, mun ga inda kumbura lamba ya kai ƙasar nan: ƙidayar 1973 sai da aka soke ta ɗungurungum. Abin da ya wajaba shi ne kada a tsallake ko ruga ɗaya ko gida ɗaya a bayan dutse, Kirista ko Musulmi, ɗan ƙasa ko baƙo, domin rijiyar da za a haƙa kowa zai sha.

Sai maganar wanda ke riƙe da kuɗin. Shekara da shekaru rabon ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ciyaman yana jiran abin da aka sako masa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. An yi murna, mu ma mun yi. Amma shekara ta zagayo a 2025 ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kukan cewa ba a aiwatar ba. Ko da an aiwatar ma, akwai saura. A zaɓen ƙananan hukumomi na 19 ga Oktoba 2024, hukumar zaɓe ta jihar ta bayyana cewa jam'iyyar APC ta cinye kujerun ciyaman 23 da na kansila 255, ba a bar ko ɗaya ba, 'yan adawa kuma suka ƙi amincewa. Ba Kaduna kaɗai ba, jihohin da wasu jam'iyyu ke mulki ma haka suka yi, shi ya sa ba mu ɗora laifin a kan jam'iyya ɗaya. Abin da muke cewa shi ne, ciyaman da ya san ba ƙuri'ar Nok ko ta Fai ce ta kai shi kujera ba, ba Nok ko Fai zai je ya yi wa bayani ba, ko da kuɗin ya faɗo asusunsa kai tsaye.

Jaba ba ta da yawan da za ta girgiza kowa a sama. A Majalisar Wakilai kujera ɗaya take rabawa da Zangon Kataf, a Majalisar Dattawa kuma ita ce ɗaya cikin ƙananan hukumomi 8 na Kaduna ta Kudu. Inda ƙuri'ar ɗan Jaba take da nauyi sosai shi ne mazaɓarsa, inda kansila maƙwabcinsa ne, ya san uwarsa ya san ubansa, amma zaɓen nan ne mutanenmu suka fi rainawa, a bar shi a tafi gona.

Don haka muna kira ga majalisar ƙaramar hukumar ta riƙa liƙa takarda a allon sakatariya kowane wata, ta nuna nawa ya shigo, nawa aka biya albashi, nawa ya rage, me aka yi da shi. Kwamitin rabon kuɗin tarayya yana fitar da nasa lissafin, saboda haka ba asiri ba ne, gwadawa kawai za a yi. Muna kira ga ƙungiyoyin ci gaban Ham da ke Kaduna da Abuja, waɗanda ke da akantoci da lauyoyi, su ɗauki wannan lissafi su mai da shi Hausa da Hyam, su aika gida. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa kuma, da suka saba tara jama'a, su gayyaci kansilansu sau biyu a shekara ya zo ya zauna a benci ya amsa tambaya. Tambayar farko da za a yi masa ita ce, malaman gona nawa ne ke aiki a mazaɓarsa, kuma a ina manomi zai sami irin citta mai lafiya kafin ruwan Afrilu ya sauka.